Ni Na Rubuta Hawan Jinin Malam a Fom ɗin Inshora

Zuwa ga Alhaji Sani,
Shugaban Ƙungiyarmu ta Zumunta,
Barking, Landan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Ladi da yara da jikoki. Yaya sanyi, yaya ɗawainiyar jama'a? Allah ya taimaka.

Ni ce Binta, Maman Sadiya, matar abokinka Malam, tsohon ma'aikacin rediyo. Shekara talatin kana cin tuwon gidanmu, kai ka raɗa wa Sadiya suna, saboda haka da maganar ta mu biyu ce, da waya kawai zan ɗaga. Amma a bainar jama'a aka taɓa ni, shi ya sa zan amsa a bainar jama'a.

Ranar Lahadin da ta wuce ban je taron wata-wata ba, ina gida da Malam. Kafin la'asar mutum uku sun kira ni, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Sun ce da aka zo maganar tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa da ƙungiya ke shirya mana karo na biyu, ka ce: "Wasu matanmu sun zama Turawa. Su tona asirin mazajensu a gaban kamfani, in 'yan'uwa sun miƙa hannu kuma su ce ba sa so." Ba ka kira suna ba, na yarda. Amma mata nawa ne a ƙungiyar nan aka ɗauke mijinsu da jirgi mai saukar ungulu daga tsakiyar teku? Kowa ya san da wa kake. Maganar ta ƙona mani rai ƙwarai, kuma ba zan haɗiye ta ba. Ga abin da ya faru, daki-daki.

1. Shawarar da ka bayar

Bara, da muke shirin tafiyar farko, masu jirgin sun ce ba wanda zai hau sai da takardar inshora. Ka turo saƙo a guruf ɗinmu na waya cewa ka samo mai araha, fam ashirin da ɗaya kowane mutum, kowa ya saya don dai a bar shi ya shiga. Ka ƙara da cewa wurin tambayoyin lafiya kowa ya sa "babu", kada a tsawwala mana kuɗi, ai duk muna tafiya da ƙafafunmu. Saƙon yana nan a wayata, ban goge ba.

Ban ce ka yi da mugun nufi ba. Haka muka taso. Bahaushe in dai yana iya fita masallaci, to ba shi da ciwo. Hawan jini gajiya ce, ciwon sukari kuwa sai a ce "ɗan abin nan." Namiji ya gwammace ya faɗi a titi da a ji yana shan magani. Amma ni shekara goma sha tara ke nan ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Na juya mutane a gado, na ba su abinci a baki, na ga yadda mai tafiya da ƙafarsa da safe kan koma sai an ɗaga shi kafin azahar. Na zauna na karanta takardar nan mai araha har ƙananan rubutun ƙasa, da gilashi biyu a fuskata. Ba ta shafi tafiyar jirgin ruwa ba ma gaba ɗaya. Kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk ciwon da mutum ya ɓoye, ba ruwansu da shi.

2. Abin da na yi

Na buɗe durowar da Malam ke ɓoye magungunansa a ƙarƙashin huluna. Kwali huɗu ne. Na jera su a kan teburin kicin, na kira wani kamfani, na karanta wa matar da ta ɗauka sunan kowane ɗaya, da shekarun da ya yi yana sha. Ta ce fam ɗari uku da goma, mu biyu. Na biya daga kuɗin aikin ƙarin lokaci da na yi, wanda da na yi niyyar sayen leshi da shi.

Malam ya shigo ya tarar da ni da kwalayen. Abin da ya ce shi ne: "Ke wa ya aike ki? Yanzu ciwona kika karanta wa wata Baturiya a waya? Maza ki kira su a yi cancel." Na ce ba zan kira ba. A shekara talatin da huɗu na aurenmu ban taɓa ce masa a'a kai tsaye ba sai ranar. Kwana uku yana amsa gaisuwata da gyaɗa kai kawai. Daga bakinsa ka ji labarin, na sani, domin a tashar jirgin ruwa ta Southampton, muna jan akwatuna, ka yi dariya ka ce mani "Hajiya Inshora." Sunan ya bi ni har cikin jirgi. Na yi dariya tare da ku, ban nuna komai ba.

3. Ranar da abin ya faru

Kwana na biyar, muna karin kumallo, teku ko'ina, ba ƙasa ba alamarta. Malam yana ba ku labarin wata hira da ya taɓa yi, kuna ta dariya, sai cokali ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na dubi bakinsa na ga ya karkace. Kana wurin, Alhaji, a kujerar da ke kallonsa. Ka ce jirin teku ne, a ba shi ruwa ya kwanta. Ni kuwa na san abin da nake gani. Na miƙe na daka wa ma'aikatan jirgi tsawa, irin tsawar da ban san ina da ita ba, har sai da aka zo da keken marasa lafiya.

Likitan jirgi ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ba shi da kayan aikin da zai iya da ita. Kafin azahar jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi zuwa wani tsibiri. Ba a bar ni na bi shi ba. Na tsaya riƙe da hularsa da takalminsa ƙafa ɗaya, ina kallo har suka ɓace. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoron da ban taɓa ji ba, ko ranar da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba.

Washegari da jirginmu ya tsaya a tsibirin na sauka, ku kuka ci gaba da tafiyarku, kuma ban ga laifinku ba. Ka san abin da kamfanin inshorar ya fara yi kafin ya amince da ko kwabo? Sun nemi bayanan Malam daga likitan unguwarmu a nan Barking, suka gwada da abin da na karanta musu a waya. Magani huɗu a can, magani huɗu a nan. Sannan suka ce to, sun ɗauka. Da "babu" na rubuta, a nan za su rufe fayil su yi mani fatan alheri. Katin lafiyar nan da gwamnati ke ba mu don ƙasashen Turai, wanda ka ce ya ishe mu, ba ya biyan likitan jirgi, ba ya kuma dawo da mutum gida.

Kwana goma sha shida muka yi a tsibirin nan. Sun biya likitan jirgi, sun biya asibiti, sun kama mani ɗaki kusa da shi, sun dawo da mu Landan a jirgin sama da nas a gefen Malam. Da takardun suka zo daga baya, jimlar ta haura fam dubu arba'in. Sadiya ce ta fara gani. Ta zauna a matakala ta riƙe kai, ta ce mani da Turancinta na 'yan nan wai da yanzu gidan nan ba namu ba ne. Ita da ba ta cika kuka ba, ranar ta yi.

4. Maganar karo-karo

Wannan ita ce ta fi yi maka zafi, na sani, don haka zan faɗe ta a hankali. Ina tsibiri na ga an buɗe jerin sunaye a guruf, ana tara mana taimako. Wallahi na ji daɗi. Na ga sunan mata masu aikin goge-goge da asuba, na ga sunan waɗanda ni na san da ƙyar suke biyan haya. An tara fam dubu biyu da ɗari bakwai. Na rubuto na gode, na ce Allah ya rufa mana asiri, an biya komai, a mayar wa kowa nasa ko a ajiye wa wanda ya fi mu bukata.

Ina rainin yake a nan? Zan karɓi kuɗin gumin mutane ne alhali ba ni da bukata, don kawai a ce ba ni da girman kai? Abincin da aka yi ta kawowa na karɓa, har firij ya ƙi rufuwa. Hajiya Ladi ta yi mako biyu tana aiko da kunun gyaɗa, shi ne abin da Malam ya fara iya haɗiya. Masu zuwa dubiya ban mayar da kowa ba. Kai da kanka ka yi ta kai shi gashin ƙashi da motarka, kuma ba zan manta ba har abada. Zumunci na nan inda yake. Amma ka dubi lambobin nan biyu, kuɗin da aka tara da kuɗin da kamfani ya biya, Alhaji, ka faɗa mani tsakani da Allah: da babu takardar nan, wata nawa za a yi ana yawo da sunan abokinka daga guruf zuwa guruf, daga Deptford zuwa Abbey Wood, har Kano, da hotonsa a gadon asibiti baki a karkace? Mutumin da ya yi shekara da shekaru jama'a na jin muryarsa ba su taɓa ganin ko hularsa a karkace ba?

Mace ɗaya na gaya wa ciwon mijina, a waya, ba ta san shi ba, ba za ta taɓa ganinsa ba. Da wannan na hana duniya ta ji. In wannan ne tona asiri, to ina alfahari da shi, kuma gobe ma zan sake.

5. Masu cewa ni na kira ciwon

Ya zo kunnena cewa wasu 'yan'uwana mata na cewa wanda ya shirya wa masifa shi ya gayyato ta, wai na yi wa mijina mugun fata. Ba zan tsaya dogon musu ba. Dukkanmu motocinmu na da inshora, ban ji an ce muna kiran haɗari ba. Hawan jinin Malam ya girmi takardar nan da shekara goma sha ɗaya. Batun halacci kuma na malamai ne, na yi tambayata inda ya dace kafin in biya, kowa ya je ya yi tasa. Allah ne ya raya Malam, ba kamfani ba, wannan ban taɓa shakkarsa ba.

Kuma ina da ido. A teburan cin abinci na jirgi na ga 'yan ƙananan robobin nan masu ranakun mako, ana fito da su daga aljihun babbar riga a ɓoye, ana jefa ƙwaya a baki a bi da shayi. Mai aiki irin nawa daga launi take gane magani. Na san wa ke shan me, kuma duk sun rubuta "babu." Ba zan kira sunan kowa ba, ni ba mai tona asiri ba ce.

Buƙatuna

Tafiya ta biyu saura wata huɗu, kuma yawancin waɗanda suka ba da suna sun haura sittin. Ina roƙonka, da girman shugabancinka:

Ka janye saƙon nan na bara, ka rubuta sabo, cewa kowa ya sayi inshorar da ta ambaci jirgin ruwa da sunansa, ya kuma faɗi duk maganin da yake sha. Wanda ke jin nauyin cike fom a gaban 'ya'yansa ya zo gidana, zan taya shi, kuma abin da na ji a kicin ɗina ba ya fita ƙofa.

A karanta wasiƙar nan a taro mai zuwa, a ɗakin da aka yi waccan maganar, a gaban mutanen da suka ji ta. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, kai babba ne. Ka ce dai Maman Sadiya ba ta tona asirin mijinta ba. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Sunan "Hajiya Inshora" kuwa a bar mani kayana, na karɓa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da mu, ya raya zuri'arka, ya kai mu tafiyar nan lafiya ya dawo da mu lafiya. Na ce "mu," domin likita ya yarda, kuma mun ba da sunanmu.

Kafin in rufe, na karanta wa Malam wasiƙar nan tun daga farko. Ka san yadda maganarsa ta koma, kalma ɗaya sai ya huta. Bai ce in cire komai ba. Fom ɗin bana shi ya cike da kansa, da hannun hagu, ya ɓata kusan awa ɗaya, bai yarda na taɓa biron ba. Magungunan sun zama shida, kuma duk ya jera su. Ya ce in isar maka da saƙo, in rubuta shi yadda ya faɗa: "Sani, ni na rubuta nawa. Saura kai."

Wassalam.

Taka mai girmama ka,
Binta, Maman Sadiya,
Barking.