Hannun Asabe, Sunan Ummi

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karanta wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Na san halin wasunku, tun ba ku kai rabin wasiƙa ba kun fara Allah wadai. Ku bari in kai ƙarshe tukuna. Zagi dai kullum ina shan sa a tsakar gidanmu, sai dai mai zagin ba ta san ni take zagi ba.

Muna haya a Sabon Gari, nan Minna, ni da maigidana da 'yarmu Ummi wadda ba ta cika shekara biyar ba. Na gama sakandare, bana kuma na sami aikin buga tafireta a wani ofis. Da uwar mijina ta ji, sai ta aiko daga Wushishi cewa tunda na zaɓi aiki a kai mata yarinyar. Maigidana ya yanke magana: in Ummi ta shiga makaranta ta zauna, in ba ta shiga ba ta tafi. Wace uwa ce za ta ji haka hankalinta ya kwanta?

Kun san yadda ake ɗaukar 'yan aji ɗaya. Babu ruwan hedimasta da ranar haihuwa, yaro zai ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, an rubuta shi. Na gwada Ummi safe da yamma, har jan hannun na yi tana kuka, ko kusa bai kai ba. Wa ya ƙago wannan shirme? Yarinyar da ke ƙirga ashirin, a ce kunne ne zai raba ni da ita?

Ɗakin da ke kallon namu na Yaya Talatu ne, mai waina a tasha. 'Yarta Asabe ta kusa bakwai, doguwa, bara ƙyanda ce ta hana a sa ta a makaranta. Kwana uku aka bayar don rubuta yara. Ranar farko, Talatu na tasha, na kira Asabe na saka mata rigar Ummi ta sallah, na ce, "Yau wasa za mu yi, sunanki Ummi." Tunanina yara sun fi ɗari, wa zai riƙe fuska? In an buɗe makaranta in kai tawa, shi ke nan. Asabe ta ɗaga hannu ta kamo kunne kamar ba komai. Sai hedimasta ya riƙe gwiwar hannunta, inda man waina ya taɓa ƙona ta, ya ce, "Me ya same ta nan?" Na ce mai ne. Ya ce, "Ku matan yanzu ba ku da kula." Ya rubuta sunan Ummi. A hanya na tsuguna na ce wa Asabe, "In kika faɗa wa kowa, 'yan sanda za su tafi da mamanki." Ni da bakina na faɗi haka, ga yarinyar da ke ce mini Anti.

Rana ta uku Talatu ta bar kasuwarta, ta yi wa Asabe kitso ta kai ta. Wallahi ban zaci zai gane ta ba. Talatu ta dawo tana huci, ɗankwali a hannu, ta tsaya tsakar gida tana ba mu labari. Wai yana ganin tabon nan ya ajiye biro ya ce, "Ba shekaranjiya na rubuta wannan ba? Ku ne masu kama gurbi biyu, 'ya'yan wasu su rasa!" Ta rantse ba ta taɓa taka makarantar ba. Ya ce, "To aljani ne ya kawo ta? Fice mini, maƙaryaciya." A gaban mutane, aka yi ta dariya. Ya rufe rajista, ya ce aji ya cika.

Talatu ta tsare Asabe da tambaya. Ta ɗauko muciya. Ina cikin ɗaki ina jin kowane duka, yarinyar nan ba ta ce uffan ba sai "Mama kada su tafi da ke." Talatu ta ɗauka ruɗewa ce. Ni kuwa na toshe wa Ummi kunne, ban fito ba. Ku kira ni abin da kuka ga dama, ban fito ba.

Yanzu zargin Talatu ya faɗa kan Maman Bulus ta ɗakin ƙarshe, don ita ma tana da ƙaramar yarinya. Matar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Kullum a bakin famfo sai habaici: "Ɓarauniyar gurbi, Allah ya isa, yadda kika hana tawa karatu ke ma kada ki ga amfanin taki!" Maman Bulus ta ce, "Talatu, kama sunana in kin isa!" Sai Talatu ta juyo gare ni ta ce, "Ko ba haka ba, ƙanwata?" Ni kuma in ce haka ne. Wani lokaci har haushinta nake ji. Me ya hana ta zuwa ranar farko kamar kowa? Sai in tuna ni ce na ɗauki 'yarta ban tambaya ba. Asabe ta daina shiga ɗakina, in ta hango ni sai ta maƙale a bayan randa.

Jiya da yamma Talatu ta shigo da waina a kwano, ta zauna bakin gadona. Ta ce, "Ƙanwata, ke kika yi boko a gidan nan. Ni hedimastan nan ya raina ni don ya ga zanina duk mai. Ran da aka buɗe makaranta ki saka kayanki na ofis mu je tare, ki zuba masa Turanci sai ya buɗe littafin nan. Ni ban iya karatu ba, ke za ki karanta mini sunan da aka sa wa 'yata. In na ji sunan, ki bar ni da uwar." Na ce to.

Saura mako biyu. In na je, mutumin da ya riƙe tabon hannu ba zai manta fuskata ba. In na ƙi, za ta tambayi dalili. In na je ni kaɗai na faɗi gaskiya, za a goge Ummi a sa Asabe, wanda shi ne daidai, na sani, ba sai kun gaya mini ba, amma a ranar za a sa 'yata a motar Wushishi. Maigidana ma bai san komai ba, yana ta faɗa wa abokansa hannun 'yarsa ya kai.

Kada wanda ya rubuto mini wa'azi, na yi wa kaina wanda ya fi naku zafi. Talatu ta riga ta wanke wa Asabe rigar da za ta saka ranar. Me zan yi?