Yadda Baba Ya Ji Hotunan Abakpa

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

Na gama shafin intanet na ƙungiyar tsofaffin mazauna unguwar Abakpa. Shugabansu, Alhaji Mustapha, ya zo ofishinmu na Doka ya gani, har da tafi. Tsofaffin hotuna ne fal: makarantar allo, filin ƙwallo, ranakun suna. Ƙarshen wata za su yi taron ƙaddamarwa. Sai Asabar in nuna wa Baba.

Asabar, 6 ga Yuli

Na tarar da shi a baranda. Tun da hawan jinin ido ya cinye masa gani, wayarsa ce ke yi masa karatu: ya shafa fuskar wayar, murya ta faɗi abin da yatsansa ya taɓa. Na buɗe masa shafin ina ta rawar kai. Ya shafa, muryar ta ce hoto. Ya sake shafawa. Hoto. Hoto, sai wasu lambobi marasa kan gado. Tarihin unguwar ma shiru, don hoton tsohuwar takardar kawai na ɗauka na ɗora.

Ya miƙo mini wayar. "Ya yi kyau, Sadiya." Shi ke nan. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ƙanwata Maijidda ta rako ni bakin ƙofa, ta ce ya riga ya aika wa Alhaji Mustapha ba zai je taron ba. Wai me makaho zai je yi wurin kallon hoto. Baba fa. Mutumin da yawancin hotunan nan shi ya ɗauke su da kyamararsa.

Lahadi, 7 ga Yuli

Abinci ya ƙi shiga.

Laraba, 10 ga Yuli

Gyaran ba wani abin wahala ba ne, haƙuri yake so. Kowane hoto sai an rubuta masa bayani a bayansa, wanda ido ba ya gani amma waya na karantawa. Tarihin kuma in sake buga shi da hannu, in sa masa kanun da mutum zai iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Suhaib, abokin aikina, ya ce makafi nawa ne ma za su shiga shafin. Na ce ɗaya na sani, kuma shi ya haife ni. Da rana sai ga shi yana taya ni bugawa.

Matsalar ita ce ban san mutanen cikin hotunan ba. Abin da na iya rubutawa: "Maza uku a tsaye a gaban shago."

Asabar, 13 ga Yuli

Muryar wayar na karanta Hausa kamar Baturen da ya je cinikin doya a Rigachikun. Baba ya yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta.

Sai ya ce, "Maza uku su wa? Wane shago?" Na ce ban sani ba. Ya ce to in gaya masa abin da nake gani. Na ce ɗaya dogo ne, ya karkata hula, ya jingina da keke. Ban rufe baki ba ya ce Ahmadu Tela ne, kuma keken ba nasa ba ne, aro yake yi duk ranar ɗaukar hoto. Na tsakiya Malam Aliyu, wanda ya koyar da rabin unguwar karatun allo. Duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu.

Ni ina faɗin abin da ke takarda, shi yana faɗin su waye. Sai kiran la'asar muka ji.

Asabar, 20 ga Yuli

Yanzu shi ke jirana, ya sa Maijidda ta fito da kujeru tun da hantsi. Yau mun yi hotunan layinmu, lokacin bishiyoyin mangwaro na nan, ba a yi shaguna ba. Ya ce da yamma ma'aikata ke dawowa daga ofis a kan kekuna, jaridu a hammata, kowa ya san gidan kowa.

Na tuno safiyar Salla, kyamara a wuyansa, yana jera mu a jikin katanga yana cewa kar wanda ya ƙifta ido. Kullum ni ke ƙiftawa.

In na rubuta "wata mata", sai ya ce babu wata mata a Abakpa, kowa da sunansa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Baba ya gane. "Akwai wanda kike tsallakewa. Ni na ba Mustapha shi da hannuna."

Hoton Umma ne. Tun rasuwarta ban iya tsayar da ido a kan hotonta ba. Na ce masa sai wani zuwan. Bai matsa ba.

Juma'a, 26 ga Yuli

Bayan an sauko daga masallaci na je. Na buɗe hoton, na ce, "Baba, kun shirya?" Ya ce ni dai in shirya.

Na ce tana tsaye a gindin darbejiyar ƙofar gida, yarinya ɗanya shakaf, ɗaurin ɗankwalin ya zamo gefe ɗaya, hannunta a kan bakinta. Ya ce, "Dariya take?" Na duba da kyau. Na ce tana ƙoƙarin hana kanta ne. Ya ce shi ke ba ta dariya, wai ta ƙi tsayawa sai da ya yi kukan akuya a gaban maƙwabta. Ya ce zanen kore ne. Hoton baƙi da fari ne, amma kore na rubuta.

"Sa Indo," in ji shi. "Kar ki sa Hajiya Aishatu. A lokacin Indo ce."

Na ɗora. Ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya mayar, ya sake saurara. Muryar ta lanƙwasa sunan yadda ta ga dama. Wannan karon bai yi dariya ba. Ni kuma na tashi wai zan ɗebo ruwa.

Lahadi, 28 ga Yuli

Jiya aka yi taron, kuma Baba ya je, da babbar rigarsa mai ruwan toka. Akwai wani tsohon abokinsa da shi ma idon ya tafi. Baba ya kama yatsansa yana nuna masa yadda ake shafawa, su biyu kai a haɗe kan waya ɗaya, suna musu a kan wanda ya ci ƙwallo a wani wasa tun ba a haife ni ba. Alhaji Mustapha ya ce akwai makarantar makafi da ke son in duba musu nasu shafin. Na ce to.

Muna dawowa ruwa ya sauko, sai na kwana a gida. A ɗakin Umma, wanda ban sake takawa ba tun ranar da aka fita da ita. Ƙamshin turarenta na nan a labule. Na yi barci sosai.

Saboda ruwan ne kawai. Maijidda ta ce ai ya ɗauke tun kafin magariba. Ni ban lura ba.