Wayarki Ta Yi Ƙara Ranar Talata, Inna

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa. Na san ba ki da idon karanta wannan takarda yanzu, ko da kina da rai ma sai dai na karanta miki, don boko bai taɓa damunki ba. Amma wata bakwai ke nan ina da maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Gida lafiya. Baba yana nan a gidanmu na Area 2 a Abuja, ya ƙi dawowa wurina, wai ba zai bar ɗakinki ba. Ƙanwata Hadiza ta haihu, mace, an sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Ni kuma an ƙara mini girma a ofis. Na so ki ga takardar, ko da yake na san abin da za ki yi: ki sa albarka, ki tambaye ni ko na ci abinci.

Inna, akwai laifin da ban taɓa neman gafararki a kansa ba. Kin tuna ranar da kika dawo daga wankan gawar wata mata a Nyanya, kika yi wanka, kika tuƙa mana tuwo, na ce ba na jin yunwa? Ina aji uku a sakandare lokacin. Yunwa nake ji. Ƙyamar hannunki na yi. Kin gane, na ga kin gane, amma sai kika rufe kwanon kika ajiye mini. A jami'a ma, in ƙawaye suka tambayi aikinki, cewa nake kina sayar da atamfa. Me ya sa na ji kunyar abin da ya fi komai kyau a gidanmu?

Kin sha gaya mana cewa a Kazaure kakarmu ce mai wankan matan unguwa, daga hannunta kika koya. Da aka yi wa Baba canjin aiki zuwa Abuja, sai kika tarar da gari wanda kowa baƙo ne a cikinsa. Mace za ta rasu a asibiti, danginta suna can nesa, miji na tsaye bai san wa zai kira ba. Wannan ne ya hana ki sukuni. Ba wanda ya naɗa ki. Kin dai haɗa jakarki, da ganyen magarya da kafur da farin yadi, kika bar lambarki wurin ma'aikatan jinya. Shekara talatin ban taɓa jin kin tambayi 'yar wace ƙabila ce ba kafin ki ɗauki mayafi.

Ranar da kika rasu, layin gidanmu ya kasa ɗaukar jama'a saboda yawansu. Maman Rifkatu, maƙwabciyarmu ta da mai sayar da doya a kasuwar Garki, ta zo tun daga Bwari tana kuka. Ta ba ni labarin da ban sani ba: lokacin da 'yarta ta rasu, ke kika zauna da ita kwana uku har mutanen cocinsu suka iso daga Filato. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu 'ya'yanki mata uku, ba wadda ta iya yi miki wanka. Sai Hajiya Asabe, wadda kika koya wa, ita ta yi. Ni ina bakin ƙofa da digiri biyu, ban san ta inda ake farawa ba.

Wayarki tana wurina, ina sa mata caji kullum. Ranar Talata ina shirin shiga taro ta yi ƙara. Wani mai gadi ne, matarsa ta rasu wajen haihuwa, ba su da kowa a garin nan. Na buɗe baki zan ce masa kin rasu, sai na ji kaina ina tambayarsa wane asibiti. Na kira Hajiya Asabe, na bar taron.

Yarinya ce, Inna, ba ta kai Hadiza shekaru ba. Ni na riƙe buta. Hajiya ta nuna mini a fara da dama, a rufe ta kamar tana ganinmu, a taɓa ta a hankali. Ni na yi mata kitso gida uku. Bai miƙe ba, amma na yi. Da muka fito, sai mijin ya durƙusa a gabanmu. Ban taɓa sa hannu a wata takarda a ofis na ji abin da na ji a lokacin ba. Ashe abin da kike ji ke nan duk shekarun nan?

Hajiya Asabe ta ce gwiwoyinta sun fara gajiya. Na gaya mata in aka kira, ta neme ni, zan ci gaba da bin ta har hannuna ya faɗa. Ummi kuma in ta girma, da bakina zan faɗa mata aikin mai sunanta.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta 'ya'yan mutane.

Sai mun zo.

'Yarki,
Bilkisu