Dagwalon da Nake Tara Maka

Zuwa ga ɗana Waliyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya can ƙasar Turai, Allah ya kare ka. Mu nan Jega lafiya lau. Innarka Hindu ta samu sauƙin ƙafa, ƙanwarka Iklima ta haifi namiji.

Damina huɗu ke nan ina aika maka magana, ba ka amsa ba. Tun kana ƙarami ka san ramuka ukun da na gina a bakin lambuna. In kwatar gari ta cika ta taho, yashi ya kwanta a na farko, laka a na biyu, na uku ya ba albasata ruwa garau. Ban taɓa zama aji ba, amma shekara talatin ƙazanta ba ta taɓa fangalin da nake shuka albasa ba. Da anka ba mu jiha, ma'aikata sunka zo sunka cike ramukan, sunka gina kwatami guda na siminti. Sun ce kai ka auna shi da kwamfuta, wai ta nuna duk datti zai kwanta a ciki. To ita kwamfutar, ta taɓa ganin ruwan Agusta ranar kasuwa? Ka gaya mata ɓawon albasa da leda ba su nutsewa? Ruwan farko kwatamin ya yi ambaliya, ya binne mini iri. Haka kowace shekara. In na je ofis sai a ce lissafi ba ya ƙarya.

To ka ji abin da nake yi. Duk dagwalon da na kwashe daga lambu, jakina na kai shi filin da ka saya a hanyar Aliero, inda za ka yi gida. Bana tudun ya wuce kaina. Innarka ta ce in ji tsoron Allah, na ce abin da mutum ya shuka shi yake girbi.

Saura wata guda a zuba iri. In bana ma ya tafi, lambun ya mutu ke nan. Ka gaida matarka Amira da yara. Ka rubuto wa mutanenka su bar ni in buɗe ramukana, ko ka rubuto mini da hannunka ka ce injin ya fi ni sanin ruwan Jega. Ɗaya dai ciki, Waliyyu, ka amsa mini.

Baffanka,
Mamuda