Burtsatse da 'Ya'yan Fari

Tsamiyar Jauro, ta Gwiwa
Maris, 1976

Zuwa ga Kawu Muhammadu Lawal,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da iyali, da aikin ofis a Kano.

Kawu, ran Talata da safe ina dawowa daga rafi da jaki da tuluna, sai na tarar da Landiroba a gindin tsamiya. Wani ma'aikaci ne, Malam Nicodemus, Hausarsa kamar ɗan Kazaure. Ya ce gwamnati ta sami kuɗin fetur, za ta haƙa rijiyar burtsatse guda, ko a nan ko a Kwanar Gawo. Amma wai ba mutanen yau za a yi wa lissafi ba, sai waɗanda za su kasance a shekara ta dubu biyu. Na ce a raina, ashe gwamnati ma ta ɗauki ɗan duba aiki.

Ya bi gida gida yana tambayar yawan 'ya'ya. Da ya zo namu ni na shimfiɗa masa tabarma. Baffa, mahaifina, ya ce, "Fatu, da Mairo, da ƙaramin." Malamin ya nuna ni da biro, ya ce, "Wannan fa?" Baffa ya dubi jaki ya ce, "Ruwa yake kawo mana." Ban ji haushi ba, tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Maƙwabcinmu Daudu kuwa, ɗansa guda yana hawa masa ƙafa, ya ce Allah bai kawo ba tukuna.

Kai da kake kai takardu ofis ofis, don Allah ka jiyo mana yadda ta kaya. Kafaɗata ta gaji da tulu.

Ɗanka,
Sama'ilu

Kano
Afrilu, 1976

Zuwa ga Sama'ilu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, takardarka ta iso. Rubutunka ya ɗan gyaru.

Na sami Malam Nicodemus da kaina. Lissafinsa ya nuna cewa a garinku sababbin ma'aurata ba sa haihuwa, samarin kuma barori ne 'yan kawo ruwa, waɗanda gobe za su gudu Kano neman lebura. A shekara ta dubu biyu, in ji shi, tsofaffi da awaki ne za su rage. Har ya yi niyyar turo muku likita. Su Kwanar Gawo kuwa sun ƙirga har direbobin da suka tsaya cin abinci.

Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari irin tamu ta Fulani, cewa uba ba ya kiran sunansa, balle ya ce nasa ne. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Zai dawo ranar kasuwar Gwiwa, amma ya ce sai maigida ya tabbatar da kansa. Ka shaida wa Jauro, tunda shi ne mai gari. Babanku kam na san shi, ya gwammace ya ƙare rayuwarsa a kan ruwan kududdufi.

Ka gaida Innarka. Wassalam.
M. Lawal, Babban Masinja

Tsamiyar Jauro
Mayu, 1976

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Malamin ya dawo.

Jauro ya yi dabara. Kowa zai faɗi ɗan farin maƙwabcinsa, uban kuma ya yi tari, alamar haka ne. Malamin ya yarda. Sai ka ji, "Wannan na Daudu ne," Daudu ya ce ƙoho. Kafin azahar gari ya ɗauka kamar mura ta shigo.

Da aka zo kanmu, ba wanda ya yarda ya yi wa Baffa magana, kowa ya san sandarsa. Malamin ya ce, "Baba, kuna kunnen doki da Kwanar Gawo. Saurayi kamar wannan gida ne guda nan gaba. In ba naka ba ne, ba zan sa shi ba."

Can Inna daga bayan zana ta ƙwanƙwasa tulu wanda ba komai a ciki, ta sake ƙwanƙwasawa. Baffa ya ɗaga kai sama ya ce, "Wancan dogon, a gidana aka yanka masa rago. Ni na saya."

"Sunansa?"

"Sama'ilu," in ji Baffa, da sauri kamar ya kurɓi kunu mai zafi. Ya ɗauki sanda ya shiga daji, sai magariba muka gan shi.

Ka huta lafiya.
Sama'ilu

Kano
Yuli, 1976

Sama'ilu,

Bayan gaisuwa, an sa hannu, rijiya taku ce. Yanzu malamin cewa yake a shekara ta dubu biyu guda ɗaya ba za ta ishe ku ba. Amma zancen babanku ya kira sunanka, wannan ƙari ka yi. Tun kafin a haife ka na san mutumin nan.

M. Lawal

Kawu,

Ina gaisuwa. Wallahi ya kira. Washegari ya koma "kai wancan", amma ya kira. Jauro ya ji, Liman ya ji, Daudu da Malam Nicodemus sun ji, Inna ta ji daga bayan zana. Jakin ma yana wurin.

Ɗanka,
Sama'ilu