Tabarmarki Tana Nan, Rifkatu

Zuwa ga aminiyata, Malama Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida can Neja. Daga ajinmu na Unguwar Rogo nake rubuto miki, ajin da yanzu ya zama nawa ni kaɗai.

Kin tuna tabarmarki? Kowace safiya ki shimfiɗa ta, ki zauna ƙasa tsakiyar yara, ki ce su za su yi tambaya, ke ki amsa. Ran farko na ce miki zafin ranar Sakkwato ne ya taɓa miki kai. Kika yi dariya, kika jawo ni na zauna.

In suka ƙure ki, ba kunya sai ki ce, "Ban sani ba, mu nemo tare." Ni ban taɓa jin malami ya faɗi haka ba.

Tun da sojoji suka raba jihohi kika koma taku, kuɗin mai suka kawo mana sababbin azuzuwa da teburan kwangila, a jere, kowa na kallon allo. Yara na rera hadda kamar a ji su a Ƙofar Rini. Wai gyaran ilimi ke nan.

Ban daina shimfiɗa tabarmar ba, amma shiru nake samu. Sun san ni ɗiyar limamin unguwa ce, kuma kin san yaronmu ba ya ɗaga ido gaban gidan malamai. Sai su durƙusa, su sunkuyar da kai, ni ina zaune kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Hedimasta ya ce ɓata lokaci ne. Ya ce in hutun zango ya zo ba wanda ya buɗe baki, in naɗe ta.

Ina kewarki, Rifkatu. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan ya gane. Ko abincin tara ni kaɗai nake ci.

Jiya Hauwa'u, yarinyar nan da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi, ta ɗago ta dube ni cikin ido, ta ce, "Malama, mi as sa Malama Rifkatu tat tahi tab bar mu?"

Ina da amsar gwamnati a bakina. Amma na ce mata, "Ban sani ba." "Mu nemo tare" ɗin ne ban ƙarasa ba.

Yau ma na shimfiɗa ta, na bar miki gefenki.

Allah ya tsare min ke, ya ba ki yara masu tambaya, ya sake haɗa fuskokinmu.

Taki har kullum,
Asma'u