Sallamar Kawu Garuba

Asawase, Kumasi

Baban Humu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Tamale? Humu lafiya lau, haƙori ya fara fitowa. Ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Ni kam raina a ɓace yake. Kai shaida ne kan wahalar da na sha wajen koyon tsara ginin manhajar ƙirƙirarriyar basira: inda bayanai za su zauna, hanyar da za su bi, abin da zai ɗauki nauyin aiki idan na'ura ɗaya ta mutu. Har cikin motar haya ta trotro karatu nake. Kamfanin da nake neman aiki a wurinsu kuma sun ce in ba takardar shaida ba aiki, ƙarshen wata za su ba wani gurbin.

A ɗakin mutum ake jarrabawar ta intanet, kyamara na kallon mutum, mai tsaro na sauraro daga wata ƙasa. Ba a shigowa, ba a magana. Na kai Humu wurin yayata Lariya a Buokrom, na sauke labule, na zauna. Na yi nisa, amsoshi na zuwa mini a sauƙaƙe, sai ga Kawu Garuba a bakin ƙofa da sallama. Addu'a ya zo yi mini, domin Hajiya mahaifiyarka ta baza labarin har Tafo. Na yi gum. Ya sake, ya kuma sakewa yana taɓa labulen da sandarsa. Wallahi ban san lokacin da bakina ya amsa ba. Nan take aka rufe mini jarrabawar, wai na yi magana da wani.

Ya yi addu'arsa, na shafa ina hawaye, ya tafi yana yaba tsoron Allahna.

Dama ɗaya ta rage mini. Don Allah ka kira Hajiya ka fahimtar da ita, ni nauyinta nake ji.

Taka,
Fadilatu

Asawase, Kumasi

Baban Humu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin, murar ta sake ka?

Alhamdulillahi na ci, aikin ya tabbata. Amma kada ka yi saurin taya ni murna. Ban san me ka faɗa wa Hajiya ba. Ranar jarrabawar ta ɗauko kujera ta zauna bakin ƙofata da ciwon ƙafarta, duk mai sallama ta amsa masa da raɗa ta kora shi waje. Da na fito na gan ta a zaune, tausayinta ya kama ni.

Ashe kowa ta kora sai da ta yi masa alkawarin zan zo da ƙafata in rama gaisuwa. Tun ranar nake yawo. Na je Tafo, na je wajen masu doya a kasuwar Race Course, gidajen da ban ma san muna da dangi ba duk na shiga. Karatun bai gajiyar da ni haka ba.

Jiya na isa gidan Kawu Garuba, ashe labarin cewa sallamarsa ce ta sa aka rufe mini jarrabawar farko ya riga ni zuwa. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru, ga takalmansa a bakin ƙofa. Can matarsa ta leƙo tana danne dariya, ta ce in dawo gobe, tsohon yana jarrabawa.

Gobe zan koma. Ka gaida abokan aikinka.

Taka har kullum,
Fadilatu